Zuwa Maraɗi Neman Numfashin Baba

Tun da munka dawo daga Maraɗi ni da Baba, ban samu na ɗinka riga guda cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna bisa bencin rumfata sai ya ce, "Ummaru, wai mi anka ce yana damun Malam?" In na fara ba da labari, sai wani ya shigo a tsakiya ya ce in koma farko. Shi ya sa na ga gara in zayyana shi gaba ɗaya, kowa ya ji, ni kuma in koma kan kekena.

Ga wanda bai san mu ba, ni tela ne a kasuwar Sabon Birni. Mahaifina, Malam Bawa, shi ne ladanin masallacin shiyarmu tun ban san dama da hagu ba. Masallacinmu ba shi da lasifika, kuma bai taɓa bukata ba, don in Baba ya ɗaga murya da asuba har masu lambu a bakin gulbi suna ji.

Kun san halin da muke ciki. Bara gero ya kai gwiwa ya ƙone, bana ko gwiwar bai kai ba. Samari sunka watse neman abinci, wana Hamidu ya gangara Ikko yana dako. Da ya zo ganin gida ya kawo ma Baba tsaraba daga kasuwar gwanjo: katifa mai kauri, da bargo, da matashin kai mai laushi, da wani kafet ja. Baba, wanda tun ƙuruciya bai san komai ba sai gadon kara da tabarma, ya yi murnar da ban taɓa ganin ya yi ba. Duk baƙon da ya zo sai ya shigar da shi ɗaki ya ce, "Danna ka ji. Guminai ne, gumin Hamidu."

A lokacin nan ne kuma rijiyoyi sunka ja baya. Inna ta ga ruwa ya zama abin tattali, sai ta kwashe randuna da tuluna duka ta jera su a ɗakin Baba, don shi ya fi sanyi. Ta naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna, ta toshe taga da tsumma kada zafi ya shiga.

Ba a jima ba Baba ya fara atishawa da asuba, a jere, kamar ba za ta tsaya ba. Hanci na zuba, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi. Daga nan sai tari, sai ƙirji ya fara kuka kamar ana busa ƙaramar sarewa a ciki. In rana ta ɗaga ya fita waje sai ya ji dama-dama, gobe da asuba abin ya dawo. Wata asuba ya ɗauki kiran salla, ya kai tsakiya numfashi ya yanke masa. Ya dafa bango yana haki, wani ya ƙarasa kiran. Tun daga ranar bai sake hawa ba, kuma abinci ma ya rage ci. Wasu sunka ce sanyi ne, wasu sunka ce baki ne, wata tsohuwa ta ce iska ce ta bakin gulbi. Anka yi turare, anka yi rubutu, anka sha jiƙo.

Na kai shi asibitin Isa. Malamin asibitin ya saurari ƙirjinsa ya ba mu magani, sa'an nan ya gaya mani gaskiya. Ya ce, "Wanga fuka ce, amma akwai abin da ke tayar da ita, ni kuwa ban san ko mi ne ba. Akwai likitar ƙirji a Maraɗi. In kuna da hali, ku kai shi."

Munka tashi ranar kasuwa, cikin wata a-kori-kura da ke komawa hayin iyaka da fatake. Baba ya ɗaure bargonsa da matashinsa cikin ƙunshi guda. Na ce, "Baba, da ka bar su, kaya za su yi yawa." Ya ce, "Ni za ni ɗauka, ba kai ba."

Hanyar ba kwalta ba ce, rairayi ne da sawun motocin da sunka riga mu. Ba mu yi nisa ba ƙafar baya ta nutse. Direba ya ce a sauka a nemo kara a sa ƙarƙashin taya. Munka duba gabas munka duba yamma, gonaki fayau, ko tushiyar kara babu, dabbobi sun cinye. Sai wani Bafillace da ke cikinmu, mai suna Jabbi, ya kwance tabarmarsa ya shimfiɗa gaban tayar. Munka tura, mota ta fita, tabarma ta yi kaca-kaca. Ya ɗaga ta ya duba, ya yi dariya, ya naɗe abinsa.

Da munka koma mota Baba ya kwance garin rogo da ƙuli-ƙuli, ya jiƙa a kwano ya tura gaban Jabbi. Suna ci Jabbi ya ba mu labarinsa. Garkensa ya ƙare, saura saniya biyu da ya bari wurin surukinsa a Turba, shi kuma za shi neman ƙanensa da ya yi arewa da nasa shanun. Ya faɗe shi ba tare da ya canza murya ba. Baba ya tambaye shi yadda yake iya barci. Ya ce, "Baffa, wadda ta haifi garken farko ita ma guda ce. Ni ina da biyu."

Ku da ba ku taɓa zuwa ba kuna tsammanin iyaka wani katanga ce. Ganga biyu ce da sanda a gicciye, da wata rumfa, da jandarma zaune yana kaɗa ƙafa. Ya ce kowa ya fito da katinsa. Ni ina da takardar haraji, Baba ba shi da komai sai tasbaha. Gabana ya faɗi, don na ji ana mai da mutane daga nan. Jandarman, wani dogon Bazabarme, ya tsaya ya kalli tsagen Gobirawa a kumatun Baba. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce, "Af, ashe bawana ne ya zo gaishe ni."

Baba, da kyar yake numfashi, ya ce, "Yaushe bara ya fara tambayar ubangidansa takarda?"

Jandarma ya yi dariya har ya dafa ganga. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya daina wasa, ya rubuta muna wata 'yar takarda ta wucewa, ya ce in an tare mu gaba mu nuna. Ya ce da Baba, "In ka warke ka dawo ta nan, ka kira mani salla in ji ko Bagobiri ya iya."

A Gidan Rumji munka hau kwalta, nan ne kuma za a canza mota. Can babbar mota kamiyo suke ce mata, tasha kuma otogar. Anka ɗora kayanmu bisa wata kamiyo mai zuwa Maraɗi, Baba ya ce bari ya yi la'asar tukuna. Na raka shi. Muna sallamewa munka ga bayan motar tana shan kwana, da ƙunshin Baba a samanta. Na bi ta da gudu ina ɗaga hannu, takalmina ya tsinke, mutanen tasha suna kallo. Ba wata mota sai gobe.

Baba ya yi fushi da ni kamar ni na tuƙa ta. Wani mai shayi ya ji tausayinmu ya ara muna tabarma, ya ce mu kwana a bakin rumfarsa. Ya yanko muna burodinsu, dogo ne siriri kamar taɓarya, bayansa da tauri. Baba ya juya shi ya ce wannan in ba a ci ba a yi dogara da shi. Sai da ya tsoma cikin shayi ya yarda abinci ne.

Da asuba na farka ina jiran atishawar nan da na saba ji. Shiru. Na ga Baba zaune yana lazimi, idanunsa sun yi fari tas. Ya ce, "Ummaru, iskar garin ga ta karɓe ni." Ni ma haka na ɗauka.

Munka samu mota da hantsi. Da munka zo Tsibiri Baba ya leƙa ta taga, sai da munka wuce ya ce daga nan kakansa ya tashi. Mutanen wurin tsagenmu ɗaya, harshenmu ɗaya, sai dai su malamin makaranta mushe suke ce masa, likita kuma lokotoro. A bakin Maraɗi munka ga bukkokin waɗanda fari ya koro daga arewa, mata da yara a layi da ƙore.

Munka sauka gidan Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba ta wajen uba, wadda ke sayar da dambu a bakin kasuwa. Ta ga yadda ya rame ta juya baya ta share ido, sa'an nan ta hau yi masa faɗa don bai zo da wuri ba. Ta kawo muna dambu da zogale fal, da wani abu mai kama da wake wanda suke kira dilo, 'ya'yan anza ne da ake jiƙawa a yi ta zubar da ruwan har ɗacin ya fita. Mu a gida sai yunwa ta kai maƙura ake taɓa shi, su kuwa har da mai da yaji suke sa masa. Na ci don kunya, na ƙara don daɗi.

Da la'asar na tafi otogar neman ƙunshi, ba da wani sa rai ba. Sai ga shi a rataye a ofishin shugaban tasha, ko kullin ba a taɓa ba. Na kawo ma Baba, ya rungume matashin kamar ya ga Hamidu. Ya kwana a kansa, ya rufa da bargon.

Da gari ya waye abin ya zo masa fiye da kullum. Ya zauna ya dafa gwiwa, kafaɗu na ɗagawa, magana ta gagara, leɓɓansa sun canza. Gwaggo ta tsayar da mai amalanken jaki, munka ɗora shi. Ban san yadda munka kai asibiti ba, abin da na tuna kawai ina riƙe da hannunsa ina cewa, "Baba, ga mu nan, ga mu nan."

Lokotoron mace ce, Madam suke ce mata, da Hausar Damagaram a bakinta. Ta sa anka yi masa allura, ta ba shi wani ɗan abu na shaƙawa ta baki. A hankali kukan ƙirjin ya lafa. Da ya samu kansa ya ga mace ce tsaye a kansa, sai ya jawo rigarsa ya rufe ƙirji. Ta ce, "Baba, ni ɗiyarka ce. Ka bari in ji."

Ni na zaci za ta tambayi abin da yake ci. Sai ta hau tambayar ɗakinsa. Bisa mi yake kwana? Yaushe anka kawo katifar, kuma daga ina? Akwai taga? Ina ake ajiye ruwa? Sa'an nan ta ce, "Tun da ciwon ga ya fara, wace safiya ce ka tashi lafiya lau?"

Baba ya ce, "Jiya, a Gidan Rumji."

"Bisa mi ka kwana?"

"Tabarmar mai shayi. Kayana sun bi mota."

"Yau fa?"

Baba ya dube ni, na dube shi.

Ta ce in je in ɗauko matashin. Da na kawo ta farke ɗinkin kaɗan, ta kakkaɓe wani gari-gari bisa gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Ta daɗe tana juyawa, sa'an nan ta ce Baba ya sa ido. Ya leƙa, ya ɗago da sauri yana ta'awwuzi. Ni ma na leƙa. Wasu halittu ne farare, masu kama da kaska, da ƙafafu da 'yan gashi, ɗaya na motsi a hankali.

Ta ce, "Waɗanga ƙwari ido ba ya ganinsu. Ba su cizo, ba su shan jini. Saɓar fatar mutum da ke zuba in yana barci, ita suke ci. Gidansu katifa da matashi da bargo da kafet. Kashinsu da gawarsu su ke zama gari, ka shaƙa kana barci, shi ne da asuba hanci da ƙirji ke kumbura."

Baba ya ɓata fuska. Ya ce, "Matata ba ƙazama ba ce."

Ta ce, "Ba maganar ƙazanta ba ce, Baba. Ana samunsu har gidajen manya. Laima suke so da ɗumi. Inda na yi karatu, bakin teku, kusan kowane gida akwai su. Nan ƙasarmu bushewa kan kashe su in rani ya yi. Amma katifarka daga bakin teku ta zo da su, kuma kunka sa ta ɗakin da ke cike da randuna da jiƙaƙƙen buhu, taga a toshe. Kun yi masu damina a tsakiyar fari."

Na tambaye ta don mi Inna ba ta atishawa, ga shi kullum tana shiga ɗakin. Ta ce jiki da jiki ne. Kamar yadda wani ke cin kifi lafiya, wani ya ci ya yi borin jini. Jikin Baba ne ke ɗaukar garin nan abokin gaba, ya yi ta faɗa da shi har ya toshe hanyar numfashinsa. Ta ce abin yakan bi jini, in lura da 'ya'yana.

Ta gaya muna gaskiya cewa ba a raba jiki da wannan hali, amma in anka nisanta shi da ƙwarin zai yi kamar bai taɓa ciwo ba. A fitar da randuna, a buɗe taga. Kafet ya bar ɗakin. Zanin gado da bargo a wanke su da ruwa mai zafi sosai duk mako, don ruwan sanyi ba ya kashe su. Abin da ba ya wankuwa a shanya shi a tsakiyar rana. Kada a yi shara yana ciki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Buzun da yake salla a kai ma ya huta, ya koma tabarma. Matashi kuwa ta ce ai mu ke da maganinsa, matashin fata irin na dukawanmu, ƙwarin ba su ratsa shi. Abin shaƙar kuma kada ya rabu da aljihunsa, in ya shaƙa bai ji sauƙi ba a kai shi asibiti nan take.

Ta ce, "Katifar kuma, da so samu ne a rabu da ita."

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Yaron ga buhuna ya ɗauka bisa kansa kafin shi saye ta. Ba ni jefar da ita. In mutuwa ce, in mutu a kanta."

Madam ba ta yi gardama ba. Ta dube ni ta ce, "Kai mi ne aikinka?" Na ce tela. Ta ce, "To, ga aiki. A gasa ta a rana ciki da baya, sa'an nan ka ɗinka mata riga ta leda mai kauri, ka rufe ta ruf, ko allura kada ta samu wurin shiga. A shimfiɗa zani a sama. Katifa na nan, su kuma suna ciki a kulle."

Baba ya ce, "Wannan ɗiya ta san mutane."

Munka ƙara 'yan kwanaki gidan Gwaggo, Baba na kwana a tsakar gida bisa tabarma, yana cin dambu kamar mai ramuwa. Na sayi ledar a kasuwar Maraɗi. Da munka zo iyaka jandarman nan ba shi ne ke aiki ba, Baba ya bar masa saƙo cewa ubangidansa ya wuce lafiya.

A gida Inna ce ta fi wuyar shawo kai. Da na ce randunanta na da hannu a ciwon, ta zauna ta yi tagumi, ta ce ita da ta yi don tattali. Baba ya ce mata, "Ke kin yi don mu sha, Hamidu ya yi don in huta, ba wanda ya yi laifi." Munka haƙa wuri a gindin darbejiya munka mai da randunan can. Na ɗinka ma katifa rigarta, allura ta karye mani ba sau ɗaya ba. Kafet ya koma zaure, inda baƙi ke ganinsa su yaba. Na aika ma Hamidu saƙo da bakin wani ɗan garinmu cewa Baba na kwana bisa katifarsa kuma ya samu lafiya, don duka biyun gaskiya ne.

Saura wankin mako. Kun san yadda mata ke kwana a layin rijiya kafin su samu tulu guda. Inna ta ce ba ta da fuskar da za ta tafasa ruwan sha ta zuba ma bargo maƙwabta na kallo. Ban san wa ya kai maganar waje ba. Ranar Alhamis da hantsi sai ga Ta-Allah, tsohuwar nan da ta ce iskar gulbi ce, da kwanon sha cike da ruwa tana tafe a hankali kada ya zuba. Ta juye a tukunyar Inna ta ce, "Tun da Malam ya bar kira nake makara. Wanda ke yi yanzu ko kaji ba su jin shi." Bayanta wasu matan sunka biyo, kowa da ɗan abin da ta iya ragewa. Ruwan wankin kuma in ya huce ana zuba shi gindin zogale. Haka ake yi har yau, kowace Alhamis.

Wanda ke shiyarmu ba ya bukatar in gaya masa sauran, kun ji da kunnenku. Asubar da Baba ya koma kiran salla, ina kwance na ji ya ɗauka, na riƙe numfashina har ya wuce wurin da ya tsaya a da, ya kai ƙarshe. Matata ta ce ta ga ina share fuska, na ce barci ne.

Jiya da marece muna zaune a ƙofar gida, hadari ya ɗan haɗu gabas, irin wanda ya sha yaudararmu. Na tuna masa cewa Madam ta ce in damina ta kankama laima za ta dawo, ƙwarin su ƙaru, sai an ninka kula. Baba ya daɗe yana kallon gabas, ya taɓa aljihun da abin shaƙarsa ke ciki.

Ya ce, "Allah Shi kawo ruwan. Su mun san maganinsu."